Ranar da Baba Jatau Ya Zo Duba Turare

Ya zo kafin azahar a kan tsohon kekensa,
da guduma, da igiya, da gwangwanin jan fenti.
Shekara talatin da biyu ya yi a gandun dajin Afaka.
Yanzu kunnensa ya yi nauyi ga zancen mutane,
sai na ɗaga murya kamar mai kiran ɗan dako,
amma itace ko raɗa ya yi, yana ji.

Uku ne a bayan gidanmu na Barnawa.
Mahaifina ya dasa su shekarar da reluwe ta ba shi kwatas,
ya ce su shanye fadamar da ke haifa mana sauro.
Sun shanye fadamar.
Sun shanye rijiyar ma.
Sun wuce turken lantarki, sun wuce tankin maƙwabta,
shi kuwa ya riga su kwanciya.

Na nuna masa ta farko, wadda ke hana ni barci,
ɓawonta na saɓulewa kamar tsumma,
jikinta dabbare-dabbare.
Ya yi dariya: "Riga take canzawa, 'yata."
Ya buga. Gudumar ta dawo masa da sauri,
amon gajere, kamar taɓarya a cikakken turmi.
Ya tona gindi da yatsa, ya shinshina ƙasar.
"Lafiyarta lau. Busasshen reshen can kawai,
a sauke shi kafin iskar farkon damina ta sauke shi."

Ta biyu ta karkata wajen kwanon Maman Ladi,
wadda ke gaishe ni kullum idonta na sama.
Ya ɗaure dutse a bakin igiya, ya ja baya,
ya rufe ido ɗaya.
"Tun yaushe ta karkata?"
Tun ina firamare.
"Ƙasa ta taɓa kumburowa ta bayanta?"
A'a.
"To rana ta bi tun tana ƙarama.
Ki riƙa leƙa gindinta bayan babban ruwa,
in kin ga ƙasa ta tsage, ki aiko."

Ta uku ban ma nuna masa ba.
Miƙaƙƙiya, ganye shar.
A jikinta igiyar shanya take, da lilon yara.
Ganyenta mahaifiyata ke tafasawa in mura ta kama mu,
ta lulluɓe mu da bargo, mu yi surace muna hawaye.

Ya buga sau ɗaya.
Ya yi shiru.
Ya kara kunci a jikinta, ya sake bugawa.
Ya zagaya ta wajen katanga, inda ba mai bi,
ya nuna mini jan ƙaro yana tsiyaya,
da siririn titin laka da gara ta gina,
da naman kaza mai tauri kamar kofato.
Ya zura ƙarfe a wata kafa,
ya shige har gwiwar hannunsa ba gardama.

Ganyen fa, Baba? Dubi ganyen!
"Ta bayan-baya ganye ke shan ruwa.
Ciki ne ke riƙe tsayuwa."

Ya ƙirga taku daga gindi zuwa tagar ɗakin yara.
Goma sha ɗaya.
Ya ɗaga kai sama har hularsa ta faɗi,
bai ce komai ba, ya buɗe gwangwani.

Mai inji zai zo ranar Asabar.
Kuɗin da na miƙa, rabi ya karɓa,
ya roƙi damin ganye don tarin matarsa,
daga ita ɗin, mai jan fenti.

Bayan isha'i na kwance lilon.
Na ɗauko muciya, na bi su ɗaya bayan ɗaya,
na buga, na kara kunci, na saurara.
Ni dai duk ukun
murya ɗaya na ji.